RA'AYI: Kafin A Sayo Injin Sassabe Don Mutum Biyu, A Fara Auna Dajin

A kowace shekara, idan aka buɗe kundin kasafin kuɗin tarayya aka shiga sashen ayyukan mazaɓu, akan tarar da layuka masu kama da juna: saye da raba kayan noma ga matasa da mata, a mazaɓa kaza, a kan kuɗi kaza. Ƙarƙashin irin wannan layi ne injin ban-ruwa da injin feshi da injin niƙa ke fitowa, kuma yanzu injin yankan ciyawa da ake ratayawa a kafaɗa ya shiga sahu. Wanda ke rubuta siffofin kayan da za a sayo ma'aikaci ne a sashen saye-saye na wata ma'aikata, ko hadimin ɗan majalisa, yana zaune a Abuja. Sau da yawa abin da yakan rubuta bai wuce sunan inji da adadinsa ba. Wannan gajeren layi shi ke yanke hukuncin ko kuɗin jama'a zai zama gona, ko zai zama tarin ƙarfe a bayan ɗaki kafin damina ta zagayo.

Mutum Biyu wuri ne da ya dace a auna wannan magana a kansa. Garin shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gassol a Jihar Taraba, yana kan titin da ya tashi daga Jalingo zuwa Wukari, a ƙasar da Kogin Binuwai da Kogin Taraba ke shayarwa. Ana noman shinkafa da masara da doya, kuma kasuwar doya ta Ɗan Anacha da kasuwar kifi ta Tella duk a cikin wannan ƙaramar hukuma suke. Ruwan sama yakan ɗauki wajen wata shida zuwa bakwai yana zuba, saboda haka gonar da aka bari shekara biyu ko uku takan koma daji. Gamba takan fi tsawon mutum, tofa ta shimfiɗa saiwa, kalgo da ɗunɗu da gwandar daji su cika tsakani, sarƙaƙiya ta ɗaure su, maje da baushe kuma su yi toho daga tsofaffin kututture. Akwai gonakin da rikice-rikice da fargabar masu garkuwa da mutane suka sa aka ƙaurace musu, kuma mai komawa irin wannan gona da adda da gatari kaɗai yakan cinye lokacin shuka yana sassabe. Buƙatar inji a nan gaskiya ce. Abin da ya rage shi ne a san wane inji.

Injuna iri uku ne ake kira da suna guda a kasuwa, kuma a hoto kusan kamarsu ɗaya. Na farko shi ne ƙaramin inji mai kan igiyar roba, wanda girman injinsa bai kai cc 30 ba. An yi shi ne domin gyaran ciyawar harabar gida da ofis, kuma idan aka shiga da shi cikin busasshiyar gamba igiyar za ta riƙa tsinkewa kafin a share faɗin tabarma. Na biyu shi ne injin sassabe na tsakiya, daga cc 30 zuwa wajen 45, mai miƙaƙƙen bututu da mariƙi irin na keke, wanda ake ɗaura masa wuƙar ƙarfe. Na uku shi ne babban injin sassabe mai zarto, wanda aka ƙera domin masu aikin gandun daji: bututunsa ya fi gajarta da kauri, kan giyarsa ya fi ƙarfi, kuma nauyinsa yakan kai kilo 9 zuwa 10. Misalinsa shi ne Husqvarna 555FX na kamfanin Suwidin mai cc 53, da Stihl FS 561 na kamfanin Jamus mai cc 57, kowannensu da ƙarfin kilowat 2.8.

Bakin da aka ɗaura wa inji shi ne rabin aikin. Wuƙa mai baki uku ita ce ta ciyawa mai kauri da ƙananan tsirrai, kuma littattafan jagora na kamfanin Stihl sun iyakance ta ga itacen da kaurinsa bai wuce santimita 2 ba, wato kamar babban yatsa. Daga nan sai faifan zarto, wanda a kan injin tsakiya ake yanka itace mai kaurin santimita 4 da shi, a kan babban inji kuma har santimita 7, kusan kaurin damtsen yaro. Abin da ya zarce haka aikin gatari ne ko zarton yankan katako. Wanda ya tilasta wa wuƙar ciyawa cin itacen kalgo da ya riƙa, zai lanƙwasa wuƙar ko ya cinye haƙoran giya. Wanda kuma ya shiga ciyawa da faifan zarto, ciyawar za ta naɗe kan injin, kuma da zarar haƙoran sun taɓa dutse ko ƙasa kaifinsu ya tafi.

Daga waɗannan alƙaluma hanyar zaɓi ta fito fili. Kafin a rubuta ko layi ɗaya, wani ya je gonakin da ake nufi da ma'auni a hannu, tare da malamin gona na yankin, ya duba mene ne ya fi yawa kuma nawa ne kaurinsa. Fadamar shinkafa da ke bakin kogi ciyawa ce ta fi yawa a cikinta, kuma injin tsakiya mai cc 40 zuwa 45 da wuƙa mai baki uku ya wadatar. Saurar tudu da ta shekara huɗu ko biyar ba a noma ta ba, itatuwanta sun fara kauri, babban inji mai zarto take buƙata a gaba, na tsakiya yana bin bayansa yana share ciyawa. Ga ƙasa irin ta Gassol, abin da hankali zai ɗauka shi ne a sayo injunan tsakiya masu ƙarfi su zama mafi rinjaye, a haɗa da 'yan kaɗan daga manya, a kuma bar ƙananan masu igiyar roba ga masu gyaran harabar sakatariya. Sayen iri guda ga kowa, kowane iri ne, kuskure ne tun daga takarda.

Akwai tarko a lambar da ake bugawa a jikin kwali. Kasuwannin Najeriya cike suke da injuna masu araha da aka rubuta wa cc 43 ko cc 52, kuma mai duba takarda zai zaci mai 52 daidai yake da na gandun daji mai 53. Girman silinda ba shi ne ƙarfi ba. Ƙarfin da inji ke fitarwa da kilowat ake auna shi, kuma yawancin masu arahar ba su kai kusa da 2.8 ba. Ban da haka, wurin da injin sassabe ya fi mutuwa shi ne sandar da ke cikin bututu, da kulocin, da kan giya, domin su ke shan duka duk lokacin da wuƙa ta bugi itace. Takardar da ta ambaci cc kaɗai ta bar waɗannan duka a hannun ɗan kwangila. Sai dai adalci ne a faɗi cewa masu arahar suna da tasu fa'ida: kayan gyaransu sun fi samuwa, kuma makanikin janareta da na babur ba ya tsoron buɗe su. A gonar da ciyawa ce zalla, irin wannan inji yana iya yin aiki gwargwado. A saura mai itace kuwa, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Batun mai ya fi kashe injuna fiye da kowane itace. Mafi yawan waɗannan injuna irin na ƙaramin janareta ne, waɗanda ake gauraya musu fetur da man inji na musamman mai alamar 2T. Manyan kamfanoni kan ce a zuba kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a galan mai lita 5. Da yawa daga masu araha kuma kashi 1 cikin 25 suke so, ninki biyu ke nan. Idan aka raba injuna ba tare da kwalbar awo ba, matashin da ya karɓa zai zuba da ido, ko ya zuba baƙin man mota, ko ranar da mai ya ƙare ya zuba fetur tsura. Awa ɗaya da fetur tsura ta isa ta sa fistin ya kame. Akwai injunan da ba a gauraya musu mai, irin masu injin Honda GX35, kuma sun fi sauƙin sha'ani ga wanda bai saba ba, amma ƙarfinsu na ciyawa ne da ƙananan tsirrai. A lokacin hunturu kuma, ƙura da kaikayin busasshiyar ciyawa kan toshe matacin iska kullum, kan giya yana son giris bayan kamar awa 25 na aiki, wuƙa tana son magagari. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne masu arha, kuma rashinsu ne ke tsayar da inji mai tsada.

Tambayar da ta kamata ta biyo ita ce: idan ya lalace, wa zai gyara, kuma daga ina kayan za su zo? Inji mai kyau da ba a samun fulogi da kafireto da kan giyarsa sai a Legas ko Abuja, a Mutum Biyu aron 'yan makonni ne. Lokacin da gadar Namnai da ke kan titin Jalingo zuwa Wukari ta karye a daminar 2024, kowa ya ga yadda hanya guda ke riƙe da rayuwar yankin, har mutane da kaya suka koma tsallakawa ta ruwa. Mai tsara aiki ga irin wannan wuri ba zai dogara da cewa za a aiko da kaya daga nesa ba. Ya kamata kwangilar ta ƙunshi kayan gyara na aƙalla shekara guda, a ajiye su a garin, a kuma koyar da makanikai biyu ko uku daga cikin waɗanda suka riga suka iya janareta da injin ban-ruwa. Ɗan kwangilar da ba zai iya nuna inda dillalin kayan gyaransa yake ba, bai kamata tayinsa ya wuce matakin farko ba.

Sai maganar rai. Wuƙar injin sassabe tana juyawa sau dubbai a minti guda, kuma dutsen da ta ɗauka yakan fita da gudun da ke fasa ido. Shi ya sa masu ƙera injunan suka sa dokar kada kowa ya matso kusa da mai aiki ƙasa da mita 15, dokar da ke da wuyar kiyayewa a gonar da yara ke bin iyayensu idan ba a koyar da ita da gangan ba. Faifan zarto kuma yana da gefen da ba a fara yanka da shi, wato gaban dama, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe 12 zuwa 2, domin idan nan ya taɓa itace injin yakan yi tsalle gefe. A 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar da kan sarƙa da ake ɗaura wa waɗannan injuna, bayan wani guntun sarƙa ya ɓalle ya kashe mutum a Birtaniya a 2010. Takardar saye ta gwamnati ya kamata ta haramta irin wannan kai da sunansa. Ƙarar injin tana kaiwa wajen desibel 100 a kunnen mai aiki, abin da ke rage ji sannu a hankali. Kwarin Binuwai kuma gidan kububuwa ne, kuma asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe ya daɗe yana karɓar manoma daga Taraba. Saboda haka garkuwar fuska, da abin toshe kunne, da safar hannu, da dogon takalmi, da maratayi mai rarraba nauyi a kafaɗu biyu da ƙugu, sassan injin ne. Raba inji ba tare da su ba raba rauni ne da kuɗin gwamnati.

Ma'aikacin da ke cewa doka ce ta tilasta masa ɗaukar mafi araha bai karanta dokar har ƙarshe ba. Dokar Saye-sayen Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce a bai wa mai tayi mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Sharuɗɗan kuwa ma'aikacin ne ke rubuta su. Idan ya rubuta sunan inji da adadi kawai, to mafi rauni a kasuwa ya cika sharaɗi, kuma shi zai ci. Idan ya rubuta mafi ƙarancin kilowat, da irin sanda, da irin wuƙa, da kayan kariya, da horo, da garantin shekara, sai gasar ta koma tsakanin masu kayan kirki. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun ayyukan mazaɓu, kuma ayyukan rabon kaya na daga cikin waɗanda suka fi wuyar tantancewa, domin da an gama biki kayan sun watse. Takarda mai cikakkun siffofi da lambar kowane inji da sunan ƙungiyar da ta karɓa kariya ce ga manomi, kariya ce kuma ga ma'aikacin da ya sa hannu ranar da masu bincike suka zo.

Hadiman 'yan siyasa suna da hujjarsu, kuma ba ta rasa nauyi ba. Kuɗin da zai sayi manyan injuna ashirin da kayansu zai iya sayen ƙanana ɗari, kuma mazaɓa mai gundumomi da yawa tana son kowa ya ga nasa. Amma a duba abin da ke faruwa bayan rabo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita guda ta zama abin lissafi a gidan manomi, kuma babban inji kan sha kusa da lita guda a awa ɗaya ta aiki mai nauyi. Manomi mai kadada ɗaya ko biyu yana buƙatar injin na 'yan kwanaki ne a shekara, sauran watannin yana jingine, tsohon fetur yana daskarewa a kafireto, har ranar da wata buƙata za ta kai shi kasuwa. Inji yana biyan kuɗinsa ne a hannun wanda ke aiki da shi kullum. Ƙungiyar matasa biyar ko shida da aka horar, masu injunan tsakiya uku da babba guda, suna bin gonaki ana biyansu kamar yadda ake biyan masu feshi da masu tarakta, za su share wa mutum ɗari gona a kaka ɗaya, su kuma sami abin sayen mai da wuƙa. A ƙarshe adadin waɗanda suka amfana ya fi na rabon ɗaiɗai, kuma ana iya ƙirga shi da kadada.

Wasu kuma za su ce wannan duk ƙaramin tunani ne, katafila da tarakta ake so. Gwamnatin tarayya ta farfaɗo da hukumar NALDA a 2020 domin buɗe filayen noma, kuma a Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000. Babu mai musun amfanin tarakta, kuma gaskiya ne injin sassabe ba ya cire kututture, don haka gonar da za a yi wa huɗa da tarakta sai an bi ta an tone. Sai dai katafila tana da nata farashi da ba ya fitowa a takardar kwangila. Binciken da masanin ƙasa Rattan Lal ya yi a cibiyar IITA da ke Ibadan, inda ya yi aiki daga 1970 zuwa 1987, ya nuna cewa share daji da katafila mai tumɓuke itace da saiwa yana jawo zaizayar ƙasa fiye da sassaben hannu nesa ba kusa ba, domin tana kwashe ƙasar sama mai taki, tana kuma danne ta ƙasa. Injin sassabe yana yanka a sama ya bar saiwa riƙe da ƙasa, kuma ciyawar da ya sare, idan ba a cinna mata wuta ba, takan rufe gona ta riƙe danshi. Ga ƙaramin manomin doya da masara wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Babbar falalar wannan inji ita ce yana da ido, domin mutum ne ke riƙe da shi. Zai iya sare ɗunɗu ya tsallake 'yar kaɗanya, ya share sarƙaƙiya ya bar ɗorawa da kirya da giginya. Taraba ta riga ta ɗanɗana abin da zarto marar linzami ke yi: a tsakiyar shekarun 2010 an yi ta sare madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, ana lodinta zuwa China, har yarjejeniyar CITES ta sanya itacen cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya. A ɗaya gefen kuma akwai darasin Maraɗi, inda tun 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka yaɗa abin da ake kira sassaben zamani: a zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture a bar shi, a datse sauran. Da wannan dabara aka dawo da itatuwa a kan kadada kusan miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Matashin Mutum Biyu da aka ba babban inji mai zarto ba tare da an koya masa abin da ake bari ba, zai iya aske gona cikin yini guda, kuma abin da ya sare shekara goma ba za ta mayar da shi ba. Horon da za a rubuta a kwangila ya haɗa da wannan, kuma malaman daji na jiha su kasance cikin masu koyarwa.

Lokaci ma sharaɗi ne. A wannan yanki sassabe aikin rani ne, daga bayan girbi zuwa watan Maris, kafin ruwan Afrilu da Mayu ya sauka. Injin da ya iso a watan Agusta saboda jinkirin sakin kuɗi zai zauna a sito wata huɗu ko biyar, garantinsa na tafiya, kayan kariyarsa na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka ga kuɗi ba za su fito a kan kari ba, gara a tsara kai kaya da horo su faɗo a watan Disamba ko Janairu.

Abin da ake nema daga ma'aikaci ko hadimin da fayil ɗin ke gabansa bai wuce shafi guda ba. A cikinsa a ga rahoton wanda ya je ya auna dajin, da rabon injunan tsakiya da manya bisa wannan awo, da ƙarfinsu a kilowat, da wuƙa mai baki uku da faifan zarto da marikinsa, da haramcin kan sarƙa. A ga kwalbar awon mai da giris da magagari da kayan gyara na shekara, da cikakkun kayan kariya ga kowane mai aiki, da kwanakin horo, da sunan ƙungiyar da za ta riƙe kowane inji da lambarsa, da watan da za a kai. Rubuta wannan shafi zai ci yini biyu a ofis da tafiya ɗaya zuwa Gassol. Manomin da ke jiran a buɗe masa saurarsa kafin ruwan fari ya cancanci wannan tafiya.